Tun da maigidana ya rasu na kasa yin addu'a. Bangaskiyata ce ta mutu?

Maman_Tabita:
Salama gare ku 'yan'uwa. Na daɗe a zauren nan ina karatu kawai, ban taɓa sa baki ba, amma yau abin ya fi ƙarfina. Maigidana ya rasu bara da kaka. Hawan jini ne, ya yanke jiki ya faɗi a makarantar da yake koyarwa, kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. Ya bar ni da yara uku. Ranar biso, da aka zo sauke akwati, na fashe da kuka, sai wata uwa a zumuntarmu ta riƙe ni ta raɗa mini, "Ke malamar makarantar Lahadi ce, idanu na kanki, ki nuna wa mutane ke mai bi ce." Na haɗiye kukan. Tun daga ranar bakina ya rufe a gaban Allah. Ina zuwa sujada, ina ɗaura zanen zumunta, ina motsa baki lokacin waƙa, amma in na durƙusa a ɗaki ba abin da ke fitowa. In ma ya fito, tambaya ɗaya ce: don me? Kowa ya zo gaisuwa sai ya ce in faɗi abin da Ayuba ya faɗa, Ubangiji ya bayar, Ubangiji ya karɓa. Na kasa. Don Allah ku gaya mini gaskiya, mai bi na iya jin haushin Allah? Ko dama can tawa bangaskiyar ta fatar baki ce?

Laraba_Zonkwa:
Wayyo 'yar'uwa, sannu. Allah ya ta'azantar da ke da yaran. Ina karantawa hawaye na zubo mini. Ba ke kaɗai ba ce, mu da yawa ne, kunya ce ke hana mu faɗa.

Sojan_Yesu:
Mama, sannu da haƙuri. Amma zan faɗi gaskiya ko da ɗaci. 1 Tasalonikawa 4:13 ta hana mu baƙin ciki irin na marasa bege. Romawa 9:20 kuma ta tambaya, kai wane ne ɗan adam da za ka mayar wa Allah da magana? Gunaguni ne ya hana tsarar Musa shiga Kan'ana. Wannan shirun da kike ji aikin magabci ne, yana so ya raba ki da Ubangijinki lokacin da kika fi bukatarsa. Ki ɗauki azumi, ki tilasta wa bakinki yabo ko zuciya ba ta so. Zuciyar za ta biyo baya.

Dattijo_Bulus:
Ɗana Sojan_Yesu, ka koma ka karanta ayar a hankali. Bulus bai ce kada a yi baƙin ciki ba. Cewa ya yi kada namu ya zama irin na waɗanda ba su da abin sa zuciya. Akwai tazara tsakanin biyun. Shi da kansa a Filibiyawa 2:27 ya ce da Abafroditus ya mutu, da baƙin ciki ya taru masa a kan baƙin ciki. Manzo ke nan.

'Yata Maman_Tabita, wadda ta rufe miki baki a bakin kabari wataƙila da kyakkyawar niyya ta yi, amma ba daga Littafi ta samo wannan koyarwa ba. Ibrahim ya yi kuka da Saratu ta rasu. Isra'ila ta yi kwana 30 tana makokin Haruna, ta yi wani 30 na Musa. Da aka jajjefe Istifanus, Ayyukan Manzanni 8:2 ta ce masu tsoron Allah ne suka binne shi, suka yi masa makoki mai zafi. Ba raunana aka ce ba, masu tsoron Allah. Sannan Ubangiji da kansa, a bakin kabarin Li'azaru, ya san nan da ɗan lokaci zai tashe shi, duk da haka ya zubar da hawaye a gaban jama'a. Idanu na kansa shi ma.

Maganar Ayuba kuwa tana ba ni takaici yadda muke yanke ta. Littafin sura 42 ne, mu kuma aya ɗaya muka haddace daga sura ta farko muna yawo da ita gidajen makoki. Ki buɗe sura 3, mutumin nan da ya binne 'ya'ya goma ya la'anci ranar da aka haife shi. A sura 7 ya ce ba zai kame bakinsa ba. A sura 10 ya ce wa Allah ya gaya masa laifin da ya sa yake gāba da shi. Duk yana cikin Littafi Mai Tsarki, ba wanda ya goge.

Sojan_Yesu:
Baba, na ji, amma ai a ƙarshe Ayuba ya tuba cikin ƙura da toka, 42:6. Me ya tuba a kai in ba waɗannan maganganun ba?

ƊanWusasa:
Ka ƙara aya ɗaya kawai, ɗan'uwa. A 42:7 Allah ya husata da Elifaz da abokansa biyu, ya ce ba su faɗi gaskiya game da shi ba yadda bawansa Ayuba ya faɗa. Su ne fa masu kare Allah tun daga sura 4, su ne masu ayoyi. Mai ihun shi aka ce ya yi musu addu'a. Abu mafi kyau da abokan nan suka yi shi ne kwana bakwai da suka zauna da shi a ƙasa ba wanda ya ce uffan. Da suka buɗe baki ne komai ya lalace.

Mama_Hannatu_Michika:
Ƙanwata, bari in yi miki magana mace da mace. Ni 'yar EYN ce, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya. Da Michika ta faɗi hannun Boko Haram a Satumbar 2014 muka gudu Mubi, muna cewa mun tsira. Ƙarshen Oktoba Mubi ma ta faɗi, har hedikwatarmu ta Kwarhi suka shiga. A wannan gudu na biyu na rabu da babban ɗana. Ya ce mu yi gaba zai koma ya ɗauko kakarsa. Har yau ba shi ba labarinsa, ba gawa, ba kabari. Ke kin ga akwati. Ni ko ranar da zan ce yau ce ranar mutuwarsa ba ni da ita.

Mun isa Yola ƙafa a kumbure, muka samu wuri a harabar cocin Katolika ta St. Theresa, inda Bishop Mamza ya buɗe wa dubban mutane ƙofa ba tare da tambayar ɗarika ba. Da asuba mata kan taru su yi addu'a. Ni sai in zauna can baya da ƙullin kayana a cinya, ina kallon ƙofar shiga, duk saurayin da ya shigo sai gabana ya faɗi. Ban yi addu'a ba. Wata tsohuwa 'yar Madagali da ban san ta ba ta lura da ni, ta matso ta ce, "Ke dai ce amin, mu za mu yi sauran." Haka na rayu tsawon lokaci, da amin ɗin wasu.

Abin da na fara iya karantawa da kaina Zabura 88 ce. Ki duba ta. Sauran zaburan kuka sukan juya su ƙare da yabo, ita wannan a duhu ta ƙare. Na yi mamakin yadda Allah ya bar irinta a littafinsa. Amma daga farko har ƙarshe da Allah mutumin yake magana. Ke ma "don me" ɗin nan da kike faɗa a durƙushe, wa kike tambaya? Ba bango ba ai.

Laraba_Zonkwa:
Mama Hannatu, kin gama da ni yau. Allah ya share miki hawaye.

Iliya_Biu:
Mu tuna da Rabaran Lawan Andimi, shugaban ƙungiyar Kiristocin Najeriya, CAN, na Michika da aka sace a Janairun 2020. A hannun masu kisansa yake amma a bidiyo ya ce bai karaya ba, domin duk halin da mutum ya samu kansa yana hannun Allah. Irin wannan bangaskiya ya kamata mu nema.

Mama_Hannatu_Michika:
Ɗana Iliya, namu ne, mun yi kukansa har muka gaji. Amma ba na jin ya faɗi wannan magana don a riƙa bugun gwauraye da ita. Allah ya ba shi alherin wannan sa'a. Ƙanwarmu tana cikin tata sa'ar, daban take.

Malam_Nuhu_Kafur:
Ni Bahaushe ne, kakannina Maguzawa, rabin danginmu Musulmi ne rabi Kirista, saboda haka makoki iri biyu nake halarta. Ina so in ce wani abu da ba za a ji daɗinsa ba. A wajen 'yan'uwanmu Musulmi, mutum ya rasu da safe, kafin la'asar an kai shi. A shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida kwana uku, mai gaisuwa ya zo ya yi addu'a ya tashi, maƙwabta su aiko da abinci. Matar kuma tana da takaba, wata huɗu da kwana goma, kowa ya san halin da take ciki, ba mai tsammanin ta fito biki. Ba ina cewa mu ɗauki takaba ba ne. Abin da nake nunawa shi ne al'umma ta ware mata lokaci.

Mu fa? Gawa ta yi makonni a mutuware ana biyan kuɗi kullum. A buga takardar tsarin jana'iza mai hoto, a fitar da anko, a yi hayar kanofi da kujeru da lasifika, a dafa shinkafar ɗaruruwan mutane. Ranar Asabar a binne, Lahadi a yi sujadar godiya, a sa gwauruwa ta fito gaba tana rawa da baiko a hannu. Litinin kowa ya hau mota. Ita kuma a bar ta da bashi da ɗaki shiru, ana jiran ganinta a zumunta ranar Talata. Yaushe ta yi kukan?

Talatu_Kaltungo:
Malam Nuhu, maganar bashi gaskiya ce, amma jinkirin ba duka alfahari ba ne. 'Ya'ya na Legas, wani na Fatakwal, wani soja ne sai ya nemi izini. A Tangale in ka binne uba ba tare da 'ya'yansa sun gan shi ba, ka ja wa kanka rigimar da ba ta ƙarewa. Kuma sujadar godiya ni ta taimake ni lokacin mahaifiyata.

Malam_Nuhu_Kafur:
'Yar'uwa, jiran 'ya'ya daban, anko kala biyu daban. A majami'armu dattawa sun tsayar cewa ba a wuce mako guda, kuma iyalin mamaci ba sa dafa wa kowa abinci, ƙungiyoyi ne ke kawowa. An yi surutu da farko, yanzu har masu surutun sun fi kowa jin daɗi.

Ishaku_Doka:
Allah ya jiƙan maigidanki, Mama, ya gafarta masa.

Sojan_Yesu:
Ɗan'uwa Ishaku, ba ma yi wa matattu addu'a. Ibraniyawa 9:27, mutuwa sau ɗaya, bayanta shari'a. Masu rai ake yi wa.

Veronica_Kafanchan:
Ku ne ba kwa yi, ɗan'uwa, kada ka ce "mu". A Katolika muna yi tun fil'azal. Ranar 2 ga Nuwamba kowace shekara ranar tunawa da dukan masu bi da suka rasu ce, ana Mas, ana zuwa makabarta. Muna da 2 Makabiyawa 12, na san ba ta cikin naku Littafin. Ba gardama nake nema ba. Amma zan ce wannan ya ba ni abin yi da baƙin cikina lokacin da babana ya rasu. Ina da ranar da zan je, ina da inda zan ambaci sunansa da ƙarfi ba wanda zai ce na cika tuna baya.

Mai_Kula_da_Zaure:
'Yan'uwa, maganar addu'a domin matattu mun sha yin ta, ba ta taɓa ƙarewa ba. Mai so ya buɗe mata wuri daban. Nan 'yar'uwa ce ta kawo damuwarta.

Maman_Tabita:
Na gode ƙwarai, iyayena da 'yan'uwana. Baba Bulus, na karanta Ayuba 3 da daddare, ban taɓa jin an yi wa'azi a kanta ba. Mama Hannatu, ban san me zan ce miki ba.

Tunda Malam Nuhu ya taɓo bayan biso, bari in ƙarasa. Ba mutuwar kaɗai ke cina ba. Ba a yi wata ba ƙannen maigidana suka zo suka ɗauki babur ɗinsa da takardun filin da muka saya tare, har da kuɗin adashina a ciki. Suka ce za su "ajiye wa yara". Uwar mijina kuma wani mai addu'a ya gaya mata mutuwar ba ta Allah ba ce, hannu ne daga cikin gida. Kun san inda aka nufa. Mutanen nan duka masu zuwa sujada ne, ɗaya ma yana cikin mawaƙa. In na gan shi a gaba yana ɗaga hannu sai in ji kamar in tashi in fita.

Barista_Rifkatu:
Yaya, nan kuma fagena ne, ki saurare ni da kyau. Haƙuri bai hana neman hakki ba.

In aurenku na rajista ne, wato kuna da takardar aure ta gwamnati, ki ɓoye ta wuri mai kyau tare da takardar shaidar mutuwa da takardun haihuwar yara. Ki ɗauki hotonsu a waya ki tura wa wanda kika amince da shi. In bai bar wasiyya ba, sashen gado na babbar kotun jiha ne ke ba da takardar izinin kula da dukiyar mamaci, kuma mata da 'ya'ya ne a gaba, ba ƙanne ba. Ko a auren gargajiya ma Kotun Ƙoli ta yi magana. A 2014, a shari'ar Anekwe da Nweke da ta taso daga Awka, ta yi fatali da al'adar da ke raba gwauruwa da gidan mijinta. Dokar hana cin zarafin mutane, VAPP, ta 2015 kuma ta mai da cin zarafin gwauraye da sunan al'ada laifi, ɗauri har shekara 2 ko tara har naira 500,000 ko duka biyun. A Abuja ta fara aiki, jihohi da yawa sun yi tasu daga baya.

Tunda malamin makaranta ne, ki bi hakkokinsa a wurin aiki. In yana cikin tsarin fansho na asusu, akwai kuɗinsa a kamfanin fansho, kuma dokar 2014 ta wajabta wa masu ɗaukar ma'aikata inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashin shekara ba, sai dai jihohi sun bambanta wajen aiwatarwa. Kada ki sa hannu a kowace takarda da dangi suka kawo ba tare da lauya ya gani ba. Ƙungiyar lauyoyi mata, FIDA, tana taimakon irinku kyauta. Amma ki fara da fasto da dattawa biyu su kira zaman iyali, sau da yawa da an ji kalmar kotu takardu kan dawo.

Talatu_Kaltungo:
"Za mu ajiye wa yara." Ko'ina wannan waƙar ce. Ranar biyan kuɗin makaranta kuma wayarsu a kashe.

Fasto_Filibus:
Uwargida, sannu. Abu uku suka tsaya mini a rai, zan faɗe su yadda suka zo.

Maganar "hannu" tana rusa gidaje a ikilisiyoyinmu fiye da yadda muke yarda. Mutum na da hawan jini, wataƙila bai taɓa aunawa ba, ya faɗi, sai a nemo mace a ɗora mata. Da almajirai suka ga makaho suka tambayi Yesu laifin wa, nasa ko na iyayensa, ya ce ba ko ɗaya. Da aka zo maganar mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, ya ce ba su fi sauran mutanen Urushalima laifi ba. Duk mai addu'ar da ya zo gidan makoki ya nuna yatsa, ba Ruhun ta'aziyya ne ya aiko shi ba. Ki kai wa fastonki wannan magana, aikinsa ne ya je wurin surukarki.

Dangin da ke cin kayan marayu suna riƙe makirufo ranar Lahadi kuwa, laifinmu ne mu shugabanni in muka yi shiru. Kwamiti na farko da aka kafa a ikilisiya, mutum bakwai na Ayyukan Manzanni 6, ƙorafin gwauraye ne ya haife shi. Manzanni ba su ce matan su yi haƙuri ba, tsari suka canza. Yau muna da kwamitin gini, kwamitin girbi, kwamitin sayen motar fasto. Gwauraye sai ranarsu ta duniya, 23 ga Yuni, ko Kirsimeti a ba su mudun shinkafa da turmin atamfa a ɗauki hoto.

Addu'arki kuma. Romawa 8:26 ta ce ba mu san yadda za mu yi addu'a ba, Ruhu ne ke roƙo dominmu da nishe-nishen da ba su faɗuwa. Ba a rubuta wannan don masu zaƙin baki ba. Marta da Maryamu duk sun tari Yesu da magana ɗaya, da kana nan da ɗan'uwanmu bai mutu ba. Wannan ƙorafi ne ƙiri-ƙiri, kuma bai tsawata musu ba. Ni a ganina wanda bangaskiyarsa ta mutu ba ya jin haushin Allah, mantawa da shi yake yi.

Nas_Jummai:
Yaya, tambaya ta aikin asibiti: kina barci? Kina cin abinci? Baƙin ciki ba cuta ba ne, amma in watanni suka wuce ba barci, jiki na ramewa, ba kya iya kula da yara, ko tunanin gara ki bi shi yana zuwa miki, to a ga likita, ba azumi ba. Ciwon damuwa yana da magani, kuma zuwa asibitin ƙwaƙwalwa irin na Barnawa a Kaduna ba ya nufin mutum ya haukace. Ki kuma je a auna jininki ke ma. Gwauraye da yawa na zuwa mana da ciwon kai, a auna a ga jini ya hau sosai.

Elisha_Damagaram:
Gaisuwa daga Nijar. Ranar Juma'a 16 ga Janairun 2015 aka ƙone majami'u a nan Damagaram, washegari a Yamai. Shugabanninmu sun fito sun ce mun gafarta, kuma daidai ne. Amma mahaifiyata, da ta ga Littafinta na Hausa da ta riƙe tun tana budurwa ya zama toka, ta daɗe ba ta taka wurin ba. A gida take zama. Wani maƙwabcinmu Musulmi da ya ɓoye mu ranar, matarsa ce ke shigowa kullum su zauna suna tsince wake, ba wa'azi ba komai. Gafarar baki ta zo da wuri, ta zuciya ta ɗauki lokacinta. Ba wanda ya kore ta daga ikilisiya saboda haka.

Habila_Gindiri:
Ku mata ma kuna da zumunta. Namiji in matarsa ta mutu, abin da zai ji shi ne "ka zama namiji", bayan wata shida kuma a fara nuna masa 'yan mata. Ni har yanzu ban iya buɗe akwatin kayanta ba. Dauda jarumi ne, sarki ne, amma ya hau bene yana kiran Absalom ɗana, ɗana, har Yowab ya ji haushi. Zumuntar maza ba ma irin wannan hira, daga taron kuɗi sai ƙwallo.

Laraba_Zonkwa:
Ɗan'uwa Habila, sannu. Amma ka lura, kai ana nuna maka mata. Mace in ta sa jan baki bayan shekara biyu sai a ce dama jira take. Alhali 1 Timoti 5:14 cewa ta yi gwauraye masu ƙuruciya su yi aure.

Sojan_Yesu:
Na ga an taru a kaina. Ba daga littafi kawai nake magana ba. Na binne 'yata ta fari, zazzaɓi ne na dare biyu. Da na bi zuciyata lokacin, da giya na koma. Abin da ya riƙe ni shi ne tashi da asuba in rera yabo ina kuka, ko ban ji komai ba. Na yarda da Baba Bulus cewa hawaye ba zunubi ba ne. Amma har yanzu ina cewa akwai iyaka tsakanin kai wa Allah kuka da gurfanar da shi. Na ga waɗanda suka fara da "don me" suka ƙare ba sa shiga majami'a sam.

Dattijo_Bulus:
Allah ya ta'azantar da kai, ɗana, ban sani ba. Hanyar da ta fisshe ka gaskiya ce, ba na musu. Sai dai Karin Magana 25:20 ta ce rera wa mai baƙin ciki waƙa daidai yake da tuɓe wa mutum riga ranar sanyi. Kai ka rera wa kanka, ba wani ya tilasta maka ba. Waɗanda na gani sun bar majami'a a shekaruna, yawancinsu ba tambaya ce ta kore su ba, hana su tambayar ne. Iyakar da kake faɗa akwai ta, amma wanda ya ce "Ya Allahna, don me ka yashe ni" a kan gicciye bai ƙetare ta ba.

Maman_Tabita:
Nas Jummai, barci sai a hankali, zan je awo. Barista, auren rajista ne, takardar tana wurina. Ɗan'uwa Sojan_Yesu, sannu, ban riƙe ka a rai ba.

Tambaya ta ƙarshe. Shugabar makarantar Lahadi tana so in koma ajina. Yaya zan tsaya gaban yara in ce Allah yana jin addu'a, alhali ni ban iya yi ba? In ajiye ne, ko in koma?

Fasto_Filibus:
Ki nemi hutu, ba murabus ba. Ki gaya mata gaskiya, ki sa lokaci, a samu mai riƙewa. Ikilisiya ba za ta rushe ba.

Mama_Hannatu_Michika:
Fasto, a nan na saɓa da kai kaɗan. Ni zaman ɗaki ne ya kusa kashe ni. Ƙanwata, ki koma, amma a matsayin mai taimako, wata ta yi koyarwar, ke ki raba takardu ki share wa ƙanana hanci. In yaro ya tambaye ki ina baban Tabita, kada ki ce ya yi tafiya. Ki ce ya mutu, yana wurin Yesu, kuma kina kewarsa. Naki yaran ma haka, don in kin ce tafiya, ƙofa za su yi ta kallo.

Sojan_Yesu:
Ni dai na ce ta koma gaba ɗaya. Aikin Ubangiji magani ne.

Talatu_Kaltungo:
Barista, kafin a rufe, ƙanwar mamata tana cikin irin wannan hali amma nasu auren a coci kawai aka ɗaura, ba ta san ko takardar da aka ba su ta gwamnati ce ba. Yaya za ta gane?

Barista_Rifkatu:
Ta duba ko takardar tana ɗauke da tambarin Tarayyar Najeriya da ambaton dokar aure, ko kuwa sunan ikilisiya ne kawai a sama. Ba kowace majami'a ke da lasisin ɗaura auren doka ba. Ki turo mini hotonta ta akwatin sirri, ki rufe sunayen, in duba.